Kada ranar buɗe majalisar jiha ta zama sirrin gwamna

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki, kai da abokan aikinka. Daga Aboabo nake rubutowa, nan cikin Kumasi. Na ga hankalin kowa a gida Najeriya ya koma kan zaɓen 2027, wa zai hau kujerar shugaban ƙasa, wa zai gaji wane gwamna, amma ban ji ana maganar ranar da za a buɗe sababbin majalisun dokokin jihohi ba. Alhali a wannan yini guda ake iya raba mazaɓa da wakilinta na shekara huɗu ba tare da kowa ya taɓa akwatin zaɓe ba.

Wani zai ce ina ruwan mutumin Kumasi da majalisar wata jiha a Najeriya. Mahaifina daga ƙasar Bauchi ya zo fataucin goro. Da gwamnatin Firaminista Busia ta Gana ta kori baƙi a ƙarshen 1969, ƙannensa suka kwashe iyalansu suka koma, shi ya zauna. Tun daga nan gidanmu ya zama biyu. 'Ya'yan baffannina suna can, asibitin da suke zuwa da makarantar da jikokinsu ke zama a ƙasa duk daga kasafin kuɗin jiha suke, kuma majalisar jiha ce ke amincewa da kasafin. Don haka maganar ta shafe ni.

A takarda abin ba shi da wuya. Kundin tsarin mulkin 1999 ya ce majalisar jiha ba za ta gaza mutum 24 ba, ba kuma za ta wuce 40 ba. Kano da Legas 40 gare su, Bauchi 31, Edo da Nasarawa 24. Sashe na 105 ya ba gwamna ikon fitar da takardar shelar zaman farko da zarar an rantsar da shi. Ranar zaman, magatakardan majalisa ne ke jan ragama tunda babu kakaki tukuna. Zai karanta shelar gwamna, ya kira sunayen zaɓaɓɓu mazaɓa bayan mazaɓa, sannan su zaɓi kakaki da mataimaki daga cikinsu. Kakaki ya yi rantsuwa a gaban magatakarda, sauran kuma su yi tasu a gaban kakaki, bayan kowa ya bayyana kadarorinsa. Daga baya jam'iyyu su miƙa sunayen shugaban masu rinjaye da na marasa rinjaye da bulaliyar majalisa, a raba kwamitoci, aiki ya kankama.

To a duba inda ɓarakar take. Gwamna ne ke faɗin rana, magatakarda ne ke sanar da zaɓaɓɓu, kuma wanda duk ya zama kakaki shi ke riƙe da rantsuwar kowa. Idan aka kira mutanen gwamna kaɗai suka naɗa nasu, wanda ya zo daga baya, ko da takardar shaidar cin zaɓe ta INEC a hannunsa, sai ya tsaya gaban kakakin da bai zaɓa ba, ko ya zauna a waje.

Edo ta nuna mana ƙarshen wannan hanya. Ranar 17 ga Yunin 2019, da dare, aka rantsar da mutum 9 cikin 24, suka zaɓi Frank Okiye kakaki. Dukkan 24 ɗin 'yan APC ne, rikicin Gwamna Obaseki da Oshiomhole, shugaban APC na ƙasa a lokacin, ne ya raba su. Majalisar tarayya ta ce gwamna ya sake fitar da shela, ya ƙi, kotun tarayya a Fatakwal ta ce ba za a yi shela ta biyu ba. A Disambar shekarar aka ayyana kujeru 14 a matsayin babu kowa a kansu. A Agustan 2020 har rufin ginin majalisar aka yaye, aka jibge tsakuwa a bakin ƙofa, aka ce gyara ake yi. Majalisar ta ƙare wa'adinta a 2023 kujerun nan suna nan wayam. Mutanen mazaɓu 14 sun sha rana a layi, sun dangwala yatsa, an ƙirga, an faɗi wanda ya ci, sannan shekara huɗu babu mai tashi a zaure ya ce gadar garinmu ta karye. Wannan zalunci ne, ko da wane ɓangare ne ke da gaskiya a rikicin manyan.

Kwana uku bayan na Edo, ranar 20 ga Yuni, sai ga shi a Bauchi. A lokacin Gwamna Bala Mohammed ɗan PDP ne, majalisa kuma APC ke da rinjaye. Da sassafe wasu da ba su kai rabin 31 ba suka shiga suka zaɓi Abubakar Suleiman. Sauran da suka iso suka tarar an gama, suka tsaya a waje, ƙarƙashin gunkin sandar majalisa da ke harabar, suka zaɓi Kawuwa Damina. Ɗan baffana ya kira ni ran nan da yamma, muryarsa a sanyaye, ya ce, "Yaya, yau kakaki biyu gare mu, ɗaya a ɗaki ɗaya a rana." Sai da aka yi makonni ana kai-kawo kafin sauran su shiga su yi rantsuwa. Allah ya taƙaita, ba ta kai ta Edo ba.

Ba na rubuto don in ce mu a Gana mun fi ku natsuwa ba ne. Duk wanda ya kalli daren 6 ga Janairun 2021 ya san ba mu da bakin yi wa kowa gori. A nan majalisa kan rushe da ƙarfe goma sha biyun dare, sabuwa ta zauna nan take, domin a zaɓi kakaki kafin a rantsar da shugaban ƙasa ranar 7 ga wata. A waccan shekarar kujeru 275 ne: jam'iyyar NPP mai mulki a lokacin 137, NDC ta adawa 137, sai ɗan majalisar mazaɓar Fomena guda da ya tsaya da ƙafarsa. Mun taru wurin mai shayin layinmu, sanyin hunturu na kaɗawa, an ɗora talabijin a kan benci an tokare ta da dutse. Tun kafin a fara, 'yan NDC sun riga zuwa sun zauna a kujerun hannun dama na kakaki, wurin masu rinjaye. Aka fara da gardamar ko ɗan majalisar Assin North zai yi zaɓe saboda umarnin kotu da ke kansa. Aka koma gardamar ƙuri'ar sirri, domin tsarin mulkinmu ya ce a asirce ake wannan zaɓe, wasu kuma suna ɗaga takardarsu shugabanninsu su gani. Aka yi ta ture rumfunan zaɓe ana tayarwa.

Can cikin dare sai ga sojoji da bindigogi a tsakiyar zaure. Wurin shayi ya yi tsit. Wani dattijo maƙwabcina, wanda ya ga juyin mulkin soja na 1979 da na 1981 da idonsa, ya ajiye kofinsa a ƙasa ya ce, "Inna lillahi, kar dai a ce an koma gidan jiya." Samarin da ke ta ihu tun ɗazu babu wanda ya amsa masa. 'Yan majalisar suka tsaya suna rera taken ƙasa har sojojin suka fita. Da gari ya fara wayewa ana ƙirga, Carlos Ahenkorah na Tema West ya wafci takardun ƙuri'a ya zura da gudu, ɗan majalisarmu na Asawase, Muntaka Mubarak, ya rufa masa baya. Daga ƙarshe aka bayyana Alban Bagbin, ɗan NDC, a matsayin kakaki, karo na farko a jamhuriya ta huɗu da kakaki ya fito daga jam'iyyar da ba ta gwamnati ba. Alƙalin alƙalai ya rantsar da shi, shi kuma ya rantsar da 'yan majalisa, a yinin kuma Shugaba Akufo-Addo ya yi tasa rantsuwar a gabansu.

Abin kunya ne, kuma shigar soja zaure har yau tana ci mini rai. Amma da na kwatanta shi da na Edo da Bauchi sai na ga abu guda da ya cece mu: kowa yana cikin ɗakin. Ba a kira wasu an bar wasu ba. Tun 1993 ranar ba ta motsa ba, ɗan firamare ma ya san 7 ga Janairu, shugaban ƙasa ba shi da damar ɓoye ta a aljihu. Ƙasa gaba ɗaya tana kallo kai tsaye, wanda ya wafci ƙuri'a an ga fuskarsa, ya kuma fito ya nemi gafara daga baya. Saboda ƙuri'ar ta sirri ce kuma, jam'iyyar gwamnati ba ta samu kakakin da take so ba. Da a ce rabin 'yan majalisar suna barci a otal aka yi wannan zama, da har yau muna kotu. Ko a Oktobar 2024 da aka sake rikicin wane ne zai zauna a hannun dama, bayan Bagbin ya ayyana kujeru huɗu babu kowa, zama ya tsaya cik, amma kotun ƙoli ta yanke a Nuwamba, babu kuma wanda ya je ya kafa majalisa ta biyu a wani ofis.

Na san an yi gyara a gida. A Maris ɗin 2023 Shugaba Buhari ya sa hannu a kan sauye-sauyen tsarin mulki, ciki har da wanda ya ce zaman farko ba ya halatta sai da kashi biyu bisa uku na zaɓaɓɓu, maimakon kashi ɗaya bisa uku da ake buƙata a sauran ranaku. Gyara ne mai kyau, da yana nan a 2019 da mutum 9 ba su isa buɗe majalisar Edo ba. Sai dai wata uku bai cika ba aka ga na Nasarawa. A Yunin 2023 ɓangare ɗaya ya zauna a ma'aikatar ƙananan hukumomi da masarautu a Lafiya ya zaɓi Ibrahim Balarabe Abdullahi, ɗaya ɓangaren, mutum 13, ya zaɓi Daniel Ogazi a harabar majalisa. Kashi biyu bisa uku na 24 shi ne 16. Babu ɓangaren da ya kai. Sulhu aka yi bayan makonni, ba kuma mu ji an hukunta wani don ya taka sabuwar dokar ba.

Shi ya sa nake ganin gyaran bai ƙarasa ba. Muddin rana da sa'a da wuri suna hannun mutum guda, wanda kuma wannan majalisar ce za ta tantance kwamishinoninsa, ta duba kasafinsa, ta tsige shi idan ta kama, to zai so ya san wanda zai riƙe sanda tun kafin a buɗe ƙofa. Ba sai mugun gwamna ba, kowa aka ba wannan dama zuciyarsa za ta raya masa. A rubuta a doka cewa majalisa za ta zauna rana kaza bayan rantsar da gwamna, da ƙarfe kaza na safe, a zaurenta, ko shela ta fito ko ba ta fito ba. A faɗa a rediyon jiha mako guda kafin ranar, da harshen da mutane ke ji. Zaman da aka yi a gidan gwamnati ko a wata ma'aikata ko da tsakar dare a ɓoye ya zama bai yiwu ba tun asali. Idan kakaki ya ƙi rantsar da mai takardar INEC, babban alƙalin jiha ya rantsar da shi cikin kwanaki ƙayyadaddu. Zaɓen kakaki kuma a yi shi da ƙuri'ar sirri, domin ɗan majalisar da gwamna ya saya wa fom ba zai ɗaga hannu gaba da shi a bainar jama'a ba. Magatakarda shi ma yana buƙatar kariya. Ma'aikaci ne mai iyali, idan aka kira shi daga gidan gwamnati da asuba, da wuya ya ce a'a in babu doka a bayansa.

Akwai masu cewa ai jam'iyya ce ke tsayar da kakaki tun a taron sirri, zaure tabbatarwa kawai yake yi. Na yarda, a nan ma haka ake. Su shirya abinsu yadda suka ga dama, amma su zo su tabbatar da shi a gaban dukkan zaɓaɓɓu. Wanda ke da rinjaye na gaskiya ba ya tsoron a cika ɗaki. Kuma duk wanda ya ga gwamnan Ribas ya gabatar da kasafin kuɗin jiha a gaban mutum huɗu a Disambar 2023, a majalisa mai kujeru 32, ya san abin da ke biyo baya idan aka saba da majalisar 'yan tsiraru.

Mu a nan ba mu da majalisar jiha ko kaɗan. Yankuna 16 ne, kowanne da ministan da shugaban ƙasa ya naɗo daga Accra. Ashanti da girmanta, mai mazaɓu 47, ba ta da zauren da za ta yi wa kanta doka. Abin da muke da shi majalisun gundumomi ne, su ma shugaban ƙasa na naɗa har kashi 30 cikin ɗari na mambobinsu. Ku kuna da majalisu 36 da ba a iya taɓa tsarin mulkin ƙasa sai 24 daga cikinsu sun yarda. Yana ba ni takaici in ga ana wasa da abin da mu muke nema ba mu samu ba.

Roƙona gare ka, Malam Edita, tun yanzu wakilanka su riƙa tambayar masu neman kujerar gwamna a jihohinmu ko za su faɗi ranar buɗe majalisa a fili, ku buga amsarsu da sunayensu. Ranar da za a buɗe kuma, a tura wakili ƙofar kowace majalisa tun bayan sallar asuba, ya rubuta ƙarfe nawa aka buɗe, su wa suka shiga, su wa 'yan sanda suka tare a ƙofa, mutum nawa ne a zaure lokacin da magatakarda ya fara kiran suna. Mu na nan zango za mu karanta, za mu kuma tura wa 'yan'uwa a gida.

Wassalam.

Naka,
Mai karatunku daga Aboabo,
Kumasi, Gana