Mutuwar rana daban, ƙarewar sarari daban

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman ɗan fili in warware wani ruɗani. Da yawa suna ɗauka ranar da rana ta mutu, shi ke nan lokaci da sarari, wato sararin samaniya da duk abin da ke cikinsa, sun ƙare. A lissafin masana taurari ba haka abin yake ba.

Rana tana cin sinadarin haidurojin ne, kuma abin da ya rage a cikinta zai kai ta kimanin shekara biliyan 5. Daga nan za ta kumbura ta yi jawur, ta lanƙwame duniyoyin da suka fi kusa da ita, sannan ta tsuke ta koma ɗan farin tauraro kamar girman duniyarmu. Tauraro guda ke nan cikin fiye da biliyan 100 da ke rukunin taurarinmu na Milky Way kaɗai.

Shi kuwa sararin, mai shekara kusan biliyan 13.8, buɗewa yake ta yi. Masanin taurari Edwin Hubble ya nuna haka a 1929, sai a 1998 aka gano buɗewar ma ƙara sauri take. Wani ƙarfi da ba a gani, wanda ya kai kusan kashi 68 cikin 100 na abin da sararin ya ƙunsa, shi ke tura shi.

Nan gizo ke saƙar. In ƙarfin nan bai canza ba, taurari za su mutu ɗaya bayan ɗaya cikin shekaru tiriliyoyi, a bar duhu da sanyi, amma lokaci bai tsaya ba. In ya ƙaru, zai yayyaga komai har ƙwayar zarra. Sai in ya ja baya sosai ne sararin zai iya komawa ya dunƙule wuri guda, kuma a nan ne lissafin Einstein ke cewa lokacin kansa ya yanke.

Wassalam,
Mai karatu, daga Zariya