Takardar Koke Zuwa Ga Mai Martaba Sarkin Katsinan Maradi Kan Awo Da Cinikin Hatsi, Kaji Da Ƙwai

Zuwa ga Mai Martaba Sarkin Katsinan Maradi,
ta hannun Sarkin Kasuwa.

Daga talakawanka masu kiwon kaji, masu sarin ƙwai, mata masu kiwon zabi, da ƙananan ma'auna hatsi na cikin birnin Maradi da ƙauyukan kewaye.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Allah ya ja zamanin Sarki, ya ƙara lafiya da nasara. Bayan gaisuwa da mubaya'a, mun kawo kukanmu gabanka ne domin kasuwa tun asali ƙarƙashin inuwar fada take. Sarkin kasuwa da sarkin dillalai da sauran masu riƙe da sana'o'i duk a ƙofarka suke karɓar rawani, maganar da kuwa ta fito daga fada tana shiga inda takardar ofis ba ta kaiwa. Mun daɗe muna gunaguni a rumfuna da bakin masallatai, har dattawanmu suka ce gunaguni ba ya gyara tiya, a rubuta a kai wa mai gari.

Wataƙila a yi mamakin ganin mai kaji da ma'aunin hatsi a takarda ɗaya. Ranka ya daɗe, igiya ɗaya ce ta ɗaure mu. Kazar gidan gona mai yin ƙwai tana cin abinci kimanin giram 110 zuwa 120 a yini, kuma rabin abincin nan ko fiye masara ce ko dawa, sauran kuwa dusa da tunkuza da waken suya da 'yan sinadarai. Ke nan mai kaji dubu ɗaya yana kwana yana tashi da neman abin da ya haura kilo 100 kullum, ko kasuwa ta yi daɗi ko ba ta yi ba. Ga shi kuma ɗan tsako sai ya shafe kusan wata biyar ana ciyar da shi kafin a ga ƙwan fari. Kaza ba ta san an rufe iyaka ba, ba ta san buhu ya tashi ba. In ka rage mata abinci kwana uku sai ta rage ƙwai, kafin ta dawo daidai kuma an ɗauki makonni. Saboda haka duk abin da ya taɓa buhun masara a kasuwar hatsi ta Kadro, kafin sati ya zagayo ya isa teburin mai shayi.

Babban abin da ya fi ci mana tuwo a ƙwarya shi ne awo. Kowa a ƙasar nan ya tashi ya tarar da cewa tiya ta hatsi tana ɗaukar kusan kilo biyu da rabi, tiya 40 kuma ita ce buhu mai kilo 100. Haka iyayenmu suka yi ciniki, haka muka koya. Yau tiya ta zama iri-iri. Akwai wadda ake tafiya da ita kasuwannin ƙauye ranar saye, mai faɗin baki, an bubbuge gindinta ya zurfafa. Akwai wadda ake fitowa da ita a birni ranar sayarwa, an ɗan matse ta. A wurin saye ana cika ta ta yi tozo, a kuma tallabe bakinta da hannu har hatsi ya hau damtse, a ce duk tiya ɗaya ce. A wurin sayarwa sai a share tozon. Matar da ta ɗauko hatsinta a ka daga wani ƙauyen Madarunfa ko Gidan Rumji tana kallo ana yi mata haka, ba ta da bakin magana, domin mai awon ya fi ta murya, kuma in ta ƙi sayarwa sai ta koma da kayanta a ka, ga yaro ba lafiya a gida.

Mu da ke sayen buhu ma ba mu tsira ba. Da yawa daga cikin masu sa hannu a takardar nan sun sayi buhu a kan tiya 40 ne, suka kai gida suka auna suka tarar ya gaza da tiya uku ko huɗu, ɗinkin bakin kuma sabo fil, alamar an farke an sake ɗinkewa. Wani buhun kuma samansa masara ce mai kyau, ƙasansa ƙaiƙayi da tsakuwa da wadda ta sha danshi. Wannan na ƙarshe shi ya fi ba mu tsoro, don masarar da ta yi funfuna guba ce ga kaza, guba ce kuma ga ɗan Adam. Bayan ambaliyar da ta auka wa Maradi a damanar 2024, ɗakunan ajiya da dama sun sha ruwa, mun kuma ga irin hatsin da aka shanya aka sake zubawa a buhu. Malamanmu suna karanta mana farkon Suratul Muɗaffifin, inda Allah ya yi alkawarin azaba ga masu cika mudu in sun karɓa, su tauye in sun bayar. Mun san mafi yawan alhazan da ke harkar hatsi a garin nan mutanen kirki ne masu tsoron Allah, da yawanmu ma da jarinsu muka tashi. Amma wake ɗaya ke ɓata gari, kuma mai gaskiya shi ke cutuwa idan ba a bambanta shi da maras gaskiya ba.

Roƙonmu na farko ke nan, shi ne kuma mafi girma: Sarki ya sa a fitar da tiya ɗaya mai hatimi, a ajiye uwarta a hannun Sarkin Kasuwa, duk mai awo ya kawo tasa a gwada a buga mata shaida. A kafa sikeli na kowa da kowa a bakin kasuwar hatsi, wanda mai saye zai ɗora buhunsa a kai kafin ya biya, ko da zai ba da 'yan daloli na ladan mai tsaro. Muna roƙon kuma Sarki ya yi magana da 'yan uwansa sarakuna, Sarkin Gobir a Tsibiri da na Tasawa da sauran hakimai, domin in an gyara tiyar birni an bar ta ƙauye, an kashe maciji ne ba a sare kansa ba.

Sai maganar tarar hanya. Ranakun Litinin da Juma'a, tun kafin gari ya waye, akwai masu fita bayan gari su tare amalanke da masu babura, su saye hatsi da kaji kafin mai kaya ya ji yadda kasuwa ta kwana. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana tarar fatake kafin su iso kasuwa, dalilin hanin kuwa a fili yake. Haka nan bashin damana: manomi ya karɓi kuɗi ko buhu ɗaya a watan Yuli lokacin da rumbu ya ƙare, ya biya da kaka lokacin da hatsi ya faɗi warwas, sai ka ga rabin gonarsa ya tafi. Hatsin nan shi ne ake kullewa a ɗakin ajiya har bazara, a fito da shi a sayar wa wanda ya noma shi. Ba mu manta 2005 ba, shekarar da yara suka yi ta mutuwa da tamowa a jihar nan alhali buhuna na jibge a kasuwa, kuɗin saye ne babu. Akwai tsarin jinginar hatsi da wasu ƙungiyoyin manoma suka daɗe suna yi a Nijar, inda ake ajiye amfanin gona a ɗaki mai makulli biyu a karɓi rance, a sayar idan farashi ya gyaru. Da masu gari za su ji daga bakin Sarki cewa yana son a faɗaɗa shi, da an samu filin gini da amintattun masu riƙon makulli cikin sauƙi.

Allah ya taimaki Sarki, ba mu zo neman a yanka wa kowa farashi ba. Mun san an roƙi Manzon Allah ya yi haka a Madina bai yi ba, mun kuma san farashin Maradi ba a Maradi kaɗai ake yin sa ba. Masara tana zo mana daga Najeriya da Benin, abin da aka yi a Dawanau ta Kano da safe muna jin sa da la'asar. Najeriya ta rufe iyakarta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, aka sake rufewa bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024, kowane karo kuma hanyar Ɗan Isa da Jibiya ta tsaya, 'yan tsaki da magani da abincin kaji suka yi wuyar samu. A watan Oktoba na 2024 gwamnatin Nijar ta hana fitar da hatsi waje in ban da Mali da Burkina Faso. Waɗannan manyan al'amura ne da suka fi ƙarfin rumfarmu. Abin da muke nema shi ne farashin ya fito fili. Ma'aikatan SIMA, hukumar da ke bibiyar farashin amfanin gona, suna zagaya kasuwanni suna rubuta farashi kowane mako. Me zai hana a riƙa rubuta shi da alli a allo a ƙofar kasuwa, a kuma karanta shi da Hausa a gidajen rediyon gari ranar Lahadi da ranar Alhamis da dare, da kuɗin tiya da na buhu da na kiret na ƙwai, domin mai tahowa daga Jiratawa ko Cadawa ya baro gida da sanin abin da kayansa za su yi? Idan kuma OPVN, hukumar ajiyar abinci ta ƙasa, ta buɗe sayar da hatsi da rahusa, muna roƙon a sanar da wuri da rana tun da sauran lokaci, masu unguwanni su tsaya a kai, don ya isa tukunyar da aka yi nufi.

Ƙwai kuwa kaya ne marasa haƙuri. Kiret ɗaya ƙwai 30 ne, a zafin Afrilu da Mayu, lokacin da rana ke wuce digiri 40, kwanaki kaɗan suke yi su fara lalacewa. Mai sari ya san haka, shi ya sa wani ke jan ƙafa har mai gona ya ƙosa, sannan ya ɗauka bashi, ya ce sai ya sayar. In ya dawo sai ya zo da lissafin fasassu da ruɓaɓɓu wanda babu mai shaida a kai, a cire daga kuɗin mai kaji. Shi kuwa mai masara ba ya ba da bashi. Tun da darajar naira ta faɗi a 2023, ƙwan ƙetare yana shigowa da araha a lissafin sefa, babu kuma mai sanin ranar da aka yi shi. Ba mu ce a hana shi shigowa ba, 'yan uwanmu ne na Katsina, jini ɗaya muke, mu ma muna cin arzikin hanyar nan. Muna so dai a san tsohon ƙwai da sabo, a kuma sa ƙa'ida cewa asarar fashewa bayan an ɗora kaya tana kan wanda ya ɗauka. Matan ƙauye masu kawo ƙwan zabi da damana su ma a ba su gefe mai inuwa, a daina korarsu daga bakin rumfa zuwa bakin rumfa.

Wurin kaji masu rai yana bukatar idon likitan dabbobi. Ana tara kajin gida da zabi da agwagi da tattabaru daga ƙauyuka goma a kwando ɗaya, wanda bai saidu ba a mayar da shi gida da yamma, ya kai wa na akurki abin da ya kwaso. Kowane hunturu annoba na share kajin mata, kaza kuwa ita ce asusun mace a karkara, da ita take sayen sabulu da maganin yaro. Allurar rigakafin tana nan, ba ta da tsada, isa ƙauye ne ba ta yi da wuri. Murar tsuntsaye ta fara bayyana a ƙasar nan a Magarya cikin 2006, waɗanda ke sana'ar a lokacin suna tuna yadda mutane suka ƙaurace wa kaza da ƙwai gaba ɗaya. Muna roƙon fili mai rufi da ruwa da wurin yanka, nesa kaɗan da masu abinci. Dillalan kaji kuma a tsayar musu da la'ada sananniya, a faɗi kuɗin ciniki da baki a gaban mai kaya da mai saye, a bar raɗa a kunne da karɓa ta hannu biyu.

Akwai kuma kuɗaɗen da ake karɓa a hanya da ƙofar kasuwa. Wanda doka ta sa, za mu biya da hannu bibbiyu. Roƙonmu a ba mu takardar shaida a kan kowace dala, domin abin da aka karɓa babu takarda a kan ƙwai da tiya yake komawa.

Muna roƙon Mai Martaba ya sa mana rana, ya kira Sarkin Kasuwa da shugabannin dillalai da manyan 'yan kasuwar hatsi da wakilin hukumar birni da na ma'aikatar kiwo, mu zauna gaba da gaba kafin hatsin bana ya gama shiga ɗakunan ajiya. Za mu zo da tiyoyi uku da muka saya a kasuwanni uku, da buhu ɗaya da ba mu farke ɗinkinsa ba, a auna a gaban Sarki.

Allah ya ja zamanin Sarki, ya kare Maradi da mutanenta.

Sunayenmu da sa hannunmu, da dangwalen yatsa na waɗanda ba su rubutu, suna cikin takardun da ke haɗe da wannan.