A gida ana cewa Mastas nake yi, alhali satifiket ce za a ba ni

Assalamu alaikum Malam, da fatan kana lafiya, kai da iyali. Daga lardin Ontariyo na Kanada nake sauraren shirinka ta intanet, yau kuma ga ni da tawa damuwar.

HND na yi a fannin akanta, na yi bautar ƙasa, na yi aiki shekara huɗu. Yayana ne ya sayar da filinsa aka turo ni wata kwaleji a nan, kwas na zango biyu wanda sai mai digiri ko difloma ake ɗauka. Da zan taho, kowa cewa yake na tafi Mastas, ni ma haka na zata. Sai da na iso na gane kwaleji daban, jami'a daban. Wallahi har yau na kasa buɗe baki in faɗa wa Yaya.

Mai ba ɗalibai shawara ta nuna min jami'o'in da kwalejinmu ta ƙulla yarjejeniya da su, waɗanda ke lissafa darussan da mutum ya ci su rage masa hanya. Yawancinsu ba a Kanada suke ba, wato sabuwar biza, sabon kuɗin jirgi. Na rubuta wa jami'o'i uku na nan ina neman gurbin Mastas. Biyu suka ce digirin shekara huɗu suke nema, ɗaya ta ce kwamiti zai duba HND ɗin da satifiket da shekarun aikina, amma ba alkawari.

Abin da ke hana ni barci shi ne izinin aiki na bayan karatu, don sau ɗaya ake ba mutum. In na karɓa yanzu, ba zai wuce tsawon kwas ɗina ba. Wanda ya gama digiri na biyu kuwa, tun Fabrairun 2024 shekara uku ake ba shi. Kwana 180 gare ni in nema bayan na gama. Ga uwargida can gida da yara biyu, kuma tun Janairun 2025 ba a ba matar ɗalibin Mastas izinin aiki sai kwas ɗinsa ya kai wata 16. Aikin awa 24 a mako da doka ta yarda min, haya da abinci kawai yake riƙewa. Gaba kura, baya sayaki.

Wani abokina ya ce in tattara in dawo, in yi PGD, wato diflomar share fagen Mastas, kamar sauran masu HND, in zarce Mastas a gida cikin rufin asiri. Maganarsa da ƙamshin gaskiya, sai dai da wace fuska zan kalli Yaya?

Malam, in karɓi izinin aikin in fara mayar masa da kuɗinsa, ko in jira amsar kwamitin? Kuma yaushe ya dace in sanar da shi, yanzu ko sai na sami madafa? Don Allah a sakaya sunana.

Naka,
Mai sauraro daga Ontariyo