Wasiƙa Zuwa Ga Iyaye: Shuɗaɗɗen Lokaci Da Mahaɗai A Turancin 'Ya'yanmu

Assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Bayan gaisuwa da fatan alheri ga iyaye da masu riƙon ɗalibanmu baki ɗaya, mun keɓe wasiƙar wannan karo ga magana guda wadda ta tsaya wa malaman sashen Turanci a rai tun da muka gama duba takardun gwajin tsakiyar zango. Mun ba 'yan babbar sakandare aikin rubuta labarin wata tafiya da suka taɓa yi, labaran kuwa sun yi daɗi ƙwarai: akwai wadda ta ba da labarin zuwa ƙauye bikin ƙanwar mahaifiyarta, akwai wanda motarsu ta lalace tsakanin Zariya da Kano har suka kwana a hanya. Sai dai jan biro ya taru ne a wuri biyu, wato siffar aikatau (kalmar da ke nuna aiki) idan ana maganar abin da ya wuce, da kuma kalmomin da ke haɗa sassan jimla, waɗanda ake kira mahaɗai a nahawu.

Muna roƙon iyaye kada su ɗauki wannan a matsayin rashin ƙoƙari, domin yawancin kurakuran suna da asali a tsarin Hausa, wanda daidai yake a muhallinsa. Bahaushe yana cewa "na tafi" da "zan tafi", kalmar "tafi" tana nan yadda take, ƙaramar kalmar da ke gabanta ce take ɗauke da lokaci. Turanci kuwa a jikin aikatau yake ɗora wannan nauyi, shi ya sa "go" take komawa "went". Wata ɗaliba ta buɗe labarinta da "Yesterday I go to the market and I buy tomatoes", da aka kira ta aka tambaye ta dalili, sai ta ce ai ta riga ta rubuta "yesterday", kowa ya san jiya ake nufi. A tunanin Hausa hujjarta tana da ƙarfi, amma Turanci yana buƙatar "went" da "bought" ko da an ambaci jiya sau goma.

Mafi yawan aikatau na Turanci ana ƙara musu "ed" ne a ƙarshe, sai dai furucin wannan ƙari iri uku ne: a "walked" ana jin sautin t, a "played" sautin d, a "wanted" kuma gaɓa ce sukutum take ƙaruwa. Da yake galibin kalmomin Hausa da wasali suke ƙarewa, yaro yakan haɗiye wannan baƙi na ƙarshe idan yana magana, abin da kunnensa bai saba ji ba kuwa da wuya hannunsa ya rubuta shi. Akwai kuma aikatau da ba su bin ƙa'idar, irin su "teach" da ke zama "taught", ko "put" da "cut" da ba su sauyawa sam, waɗannan ba su da magani sai hadda da yawan karatu. Ga kuma ƙa'idar "did": da zarar ta shigo jimla ita ce take ɗaukar lokacin, aikatau ya koma siffarsa ta asali, saboda haka "I did not go" ake cewa.

Batun mahaɗai ya fi damun mu, domin nan ne ma'ana take lalacewa. A Hausa "da" tana haɗa sunaye ne, kamar "gero da dawa", amma idan muna jero ayyuka ba mu neman ta, sai mu ce "ya shiga kasuwa, ya sayi tumatir, ya dawo gida". Idan ɗalibi ya kwashe wannan salo ya kai Turanci, yakan cika rabin shafi da waƙafi ba aya ko ɗaya. Abin da ake so shi ne "He entered the market, bought tomatoes and returned home", inda "and" ta zo kafin aiki na ƙarshe, kuma ayyukan uku duk suka tsaya a lokaci ɗaya. Sau da yawa yaro yakan fara da kyau, amma da ya tsallake "and" sai ya zame zuwa lokacin yanzu, ya rubuta "returns". Haka nan muna cewa "ko da yake an yi ruwa, amma mun je", ba wanda zai ga aibin wannan jimla, alhali Turanci bai yarda "although" da "but" su zauna tare su yi aiki ɗaya ba, dole a zaɓi guda.

Inda aka fi gane ɗalibin da ya riƙe darasin shi ne wajen ayyuka biyu da suka auku a baya. Idan wani aiki yana gudana wani ya katse shi, kamar "ina cikin karatu aka ɗauke wuta", Turanci yana cewa "I was reading when the light went off". Idan kuwa ɗaya ya rigayi ɗaya, sai "had" ta shigo, ta yi aikin da "riga" take yi a wurinmu. Wani yaro ya so ya ce sun isa tasha sun tarar mota ta riga ta tashi, sai ya rubuta "When we got to the park, the bus left". Wannan jimla tana nufin sai da suka isa sannan motar ta tashi, watakila ma da su a ciki, ga shi kuma sauran labarin duk a kan yadda suka yi ta jiran wata motar ne. Da ya rubuta "the bus had left", da labarinsa ya tsaya da ƙafarsa. Abin da ke ƙarfafa mana gwiwa shi ne, wannan yaron ba ya taɓa rikita "sun tafi" da "suka tafi" a harshensa, yana sane da cewa bayan "sai" a cikin labari "suka" ce take zuwa. Ke nan basirar tana nan, jagora kawai yake buƙata ya gane takwarar wannan tsari a Turanci.

Dalilin da ya sa muka ɗauki abin da zafi shi ne jarrabawar fita. A takardar Turanci ta WAEC ana buƙatar insha'i mai kalmomi kimanin 450, makinsa 50, daga ciki an ware 10 domin tsabtar nahawu da ƙa'idar rubutu, ana kuma cire rabin maki a kan kowane kuskure. Kurakurai 20 sun isa su cinye wannan kaso gaba ɗaya, ɗalibin da ke ba da labari yana zamewa daga lokaci zuwa lokaci kuwa zai iya tara su kafin ya kai tsakiyar shafi na biyu. Iyaye sun sani cewa ba a samun gurbi a jami'a sai da kiredit a Turanci, ko ta WAEC ko ta NECO.

A ɓangarenmu, za mu riƙa buɗe kowane darasin Turanci da minti goma na ba da labari da baki, kuma kowane ɗalibi zai rubuta jerin aikatau marasa bin ƙa'ida a shafukan ƙarshe na littafinsa. Abin da muke nema daga gida bai buƙaci iya Turanci ba. Bayan sallar magariba ko bayan cin abincin dare, a sa yaro ya ba da labarin abin da ya yi jiya da Hausa, a tambaye shi wanne ya fara faruwa, wanne ya biyo baya, sannan ya rubuta jimla biyar da Turanci a kan labarin, ya ja layi a ƙarƙashin kowane aikatau da kowane mahaɗi, ya karanta su da ƙarfi yana fito da ƙarshen kalmomi. Mahaifi ko mahaifiya ko wanda ke riƙon yaron ya sa hannu a ƙasan shafin, malamin aji zai riƙa karɓar littattafan yana dubawa kowace Litinin da Alhamis.

Allah ya yi wa 'ya'yanmu albarka, amin.

Naku,
Shugaban Sashen Turanci