Ɗana, kan maganar kakin nan

Salamu alaikum ɗana, da fatan kana lafiya, ya karatu. Mamanka ta faɗa min wai kun yi cacar baki da wani abokinka har ka kusa kai mai hannu don ya ce duk ɗan sanda ɓarawo ne. Na san don ni ka yi, Allah ya maka albarka, amma dan Allah kar ka sake.

Ka fara tambayar yaron me aka mai tukun. Wallahi yawancin masu zagin mu ba haka kawai suke yi ba, wani ƙaninsa aka kwana da shi a bayan kanta ba laifin tsaye ba na zaune, sai da uban ya ciwo bashi aka sake shi alhali ga takarda nan manne a bangon caji ofis ɗin an rubuta beli kyauta ne, wani kuma direba ne kullum sai ya miƙa na goro a shinge kafin ya wuce, to mutumin da ya ga wannan da idonsa in ka ce mai ɗan sanda abokin kowa ai ƙara mai zafi kake. Ka tuna 2020 da ɗan wayonka, a watan Mayu ɗan sanda ya danne wuyan George Floyd da gwiwa a Amurka har ya mutu, a waya aka ɗauka duniya ta gani, Oktoba kuma matasa a nan Najeriya suka fito zanga-zangar EndSARS har aka rushe SARS, wato sashenmu na yaƙi da 'yan fashi da ake zargi da cin zali, ranar 11 ga wata. Abin da yaran nan suke kuka a kai gaskiya ne, ni da nake ciki nake faɗa maka, kuma masu ɓata mana suna mun san su, tare muke fareti da safe.

Sai dai akwai abin da abokinka bai sani ba kai ka sani. Bai san yadda mamanku take zama a bakin gado da waya a hannu in ina dutin dare ba, ba ta runtsawa sai ta ji ƙarar takalmina a ƙofa. Bai san lokacin da ake ƙona ofisoshinmu a jaka nake cusa kakin in fita da kayan gida ba, ko yadda taransifa ke zuwa tsakiyar zangon karatu a cire ku daga makaranta ku sake neman abokai. Wannan ka riƙe shi a ranka, ba sai ka yi rigima da kowa a kai ba. Kuma kar in ji ka ɓoye aikina, na lura in an tambaye ka sai ka ce ma'aikacin gwamnati ne, abin yana min ciwo sosai. Ka ce ɗan sanda ne kai tsaye, wanda zai guje ka saboda haka ya tafi.

Sai abu ɗaya da ban yarda da shi ba ko kaɗan, in aka tsayar da kai a hanya kar ka ce ka san ko ni ɗan waye. Ka nuna takardunka kamar kowa, kar ka ba da ko sisi, in an maka ba daidai ba ka duba sunan da ke ƙirjinsa da lambar motarsu ka riƙe, in ka bar wajen ka kira ni mu kai ƙara ta hanyar da ta dace. Abokin naka ma in maganar tasa ba ta mutu ba ka ba shi lambata, ina so in ji daga bakinsa.

Naka,
Baba