Wasiƙa kan labarin tubabben ɗan bindiga

Gusau, Jihar Zamfara.

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kai da iyali kuna lafiya. Na karanta labarin fim ɗin da ka aiko, na ɗan bindigan da ya tuba, ya tare hanya shi kaɗai har mutanen ƙauye suka tsira. Labarin yana da rai, amma ka bar mutuwa ta yi masa aikin tuba, kuma nan zai karye maka.

Mutanenmu sun ga sulhun da gwamnatin Zamfara ta yi da 'yan bindiga a 2019, sun ga waɗanda aka kira tubabbu suna miƙa bindiga a gaban kyamara, wasunsu kuma suka koma daji. Matar da aka kashe wa miji a Maru ko Anka ba za ta yafe wa jaruminka don harsashi ya same shi a ƙarshen fim ba. Malamai sun faɗi sharuɗɗan tuba: daina laifin, nadama, ƙudurin ba za a koma ba, sannan in haƙƙin mutane ne a mayar musu. Na huɗun nan ka tsallake, alhali nan ne zuciyar labarin.

In fim ɗin minti 90 ne, laifinsa ya fito a minti 15 na farko, ta idon wanda aka zalunta. Ya tuba kafin minti na 40. Sai ka ba shi rabin awa yana biyan bashi. Ya koro shanun da ya sata har ƙofar gidan mai su, dattijon ya ƙidaya, ya ga biyu babu, ya ƙi ba shi hannu. Ya kai wata uwa inda aka binne ɗanta. 'Yan sa-kai na neman kansa, abokansa na daji na kiransa maci amana. Bayan wannan ne kawai mai kallo zai ji zafin mutuwarsa.

Ka kiyaye kada sadaukarwar ta yi kama da kashe kai, wanda addini ya haramta. Dole ya kasance yana son rai: ɗiya ƙarama, geron da ya shuka bai girbe ba. Ka tuna hadisin mutumin da ya kashe 99 ya cika 100. Mutuwa ta riske shi a hanyar garin mutanen kirki, ba nemanta ya fita yi ba.

Waƙa kuwa, biyu sun isa, kowace kada ta wuce minti 3, babu rawa. Kada ka sa masa kirari ko kiɗan zuga. Ka san yadda waƙoƙin ɓarayi na Gambu na Fagada suke sa ɓarawo ya zama gwarzo a kunnen mai saurare, matasa kuma abin da ke da daɗin ji suke haddacewa. Sarewa ɗaya ta ishi wurin nadamarsa, tunda asalinsa makiyayi ne. Ɗaya waƙar a sa ta a bakin uwar nan. Lokacin harbin a yanke kiɗa gaba ɗaya, domin goge a wurin yana mayar da abin wasan kwaikwayo.

Kafin ka kashe ko kwabo, ka kai rubutun hukumar tace finafinai ta Kano, don a 2021 ta hana nuna garkuwa da mutane a fim. Ka ji matsayinta a yanzu.

Ka aiko min da gyaran rabin awar nan in duba. Ka gaida Hajiya da yara.

Naka har kullum,
Amininka na Gusau.