Takardar Koke Kan Kudurin Haɗa Shari'o'in Gado Masu Nasaba a Zama Ɗaya

Zuwa ga Mai Martaba Sarki,
ta hannun Sakataren Majalisar Sarki.

Assalamu alaikum. Allah ya ja zamanin Sarki.

Mu da muka sa hannu a ƙasa, malaman rabon gado da lauyoyi da wakilan magada, mun kawo kukanmu kan kudurin da ke gaban Majalisar Dokoki, wanda zai ba kotu damar sauraron gadon mamata biyu ko fiye a shari'a guda idan dukiyarsu ta sarƙe. Muna goyon bayansa. Tsoronmu ɗaya ne: kada garin haɗa fayil a cakuɗa lissafi.

Ranka ya daɗe, abin da ke faruwa shi ne mutum ya rasu, ba a kai ga raba dukiyarsa ba sai wani magajinsa ya bi shi. Idan kowane mamaci da fayil ɗinsa, gida ɗaya za a yi wa ƙima sau biyu, a aika wa shaidu sammaci sau biyu, alƙali na biyu kuma ya zauna jiran na farko, don bai san abin da mamacinsa ya gada ba. Kafin a gama, rufi ya fara yoyo, ɗan haya ya rasa wanda zai ba kuɗi, marayu na kallo.

Malaman fara'id, wato ilimin rabon gado, sun daɗe da warware wannan, suna kiransa munasakha. Ga misali. Mutum ya bar mata ɗaya, 'ya'ya maza biyu da mace ɗaya. A kasa dukiyar kashi 40: matar ta ɗauki tumuninta (ɗaya bisa takwas), wato 5, kowane namiji 14, macen 7. Sai matar ta rasu kafin rabo. In 'ya'yan nan kaɗai ta bari, 5 ɗin ya rabu cif, maza su tashi da 16 kowanne, macen 8. Amma in mahaifiyarta na da rai, tana da sudusi (ɗaya bisa shida), kuma 5 ba ya rabuwa gida shida. Dole a ninka 40 sau 6, a koma 240. Tsohuwar ta samu 5, kowane namiji 94, macen 47. To wannan tsohuwa ba ta gadon surukinta, sunanta ba ya cikin fayil na farko. Ita ce irin wadda ake mantawa idan aka tattara dukiya wuri ɗaya aka raba kamar ta mutum guda.

Don haka muke roƙon a rubuta ƙarara a cikin dokar cewa kowane mamaci da lissafinsa daban. A fitar da kuɗin jana'izarsa, a biya bashinsa, a zartar da wasiyyarsa da ba ta wuce sulusi (ɗaya bisa uku) ba, sannan a raba saura. Bashin matar ba zai ci rabon da 'ya'ya suka gada daga ubansu ba, iyakarsa abin da ya zama nata. Kowa kuma a aika masa sammaci da sunan mamacin da yake gada ko yake bi bashi, a ba shi damar neman a ware shari'arsa in haɗin zai cuce shi.

Sai batun wanda ya riga wani rasuwa, domin a kansa lissafin duka ya ratayu. Kada alƙali ya haɗa shari'o'i sai ya tabbatar da rana da lokacin kowace rasuwa, da takardar shaida ko shaidu. Inda aka rasu tare, kamar a haɗarin mota, aka kasa gane wanda ya riga, a mazhabar Malikiyya ba sa gadon juna. Dokar Ingila ta 1925 kuwa tana ɗaukar cewa babba ne ya riga ƙarami. Muna roƙon kudurin ya faɗi ƙa'idar da za a bi ga kowane mamaci, kada a bar wa magatakarda ya zaɓa. Haka in akwai ciki a ɗaya daga cikin gadon: a dakatar da abin da cikin ya shafa har a haihu, kada a ɗaure sauran.

Kuɗin kotu ma, in ana cire shi bisa ƙimar dukiya, kada a cire wa gida ɗaya sau biyu alhali sau ɗaya aka kimanta shi.

Muna roƙon Mai Martaba ya miƙa waɗannan gyare-gyare ga kwamitin shari'a na Majalisar Dokoki, ya kuma nema mana zama da su kafin a kammala karatun kudurin.

Allah ya ƙara wa Sarki lafiya da nasara.

Sa hannun masu koke na biye.